LITTAFIN DA KUKA GANI A LAFTOF ƊINSA, NI NA TURA MASA

'Yan'uwana ɗalibai, musamman mu 'yan Arewa da ke karatu a nan Minna.

Rubutun nan yana da tsawo, na faɗa tun da wuri. Wanda ya san layi uku zai karanta ya garzaya kwament ya rubuta "Allah Ya shirye ka", don Allah ya adana datarsa. Da masu haƙurin kaiwa ƙarshe nake magana.

Sati uku ke nan ina kokawa da kaina a kan in yi magana ko in yi shiru. Shirun na fara zaɓa, kuma shi ne yake hana ni barci.

Akwai wani ɗan ajinmu, ba zan faɗi sunansa ba, waɗanda suka sani sun sani. Loj ɗinmu ɗaya a Bosso tun muna aji ɗaya. Wata rana ya ba wani aron laftof ɗinsa don ya kwafi handawut. Shi kuma wanda aka yi wa alherin, maimakon ya kwafi abin da ya kawo shi ya tashi, sai ya shiga buɗe-buɗe. Ya ci karo da wani littafin Turanci a PDF mai suna Allah Made Us, ya ga yana magana a kan 'yan daudu, ya zaro waya ya ɗauki hoto. Kafin Magariba hoton ya shiga guruf ɗin WhatsApp, an rubuta a ƙasansa wai a yi hattara da wane, asirinsa ya tonu.

Daga nan kowa ya zama mai bincike. Wani ya tuna ai muryarsa ba ta da kauri. Wani ya ce dama ya iya girki fiye da kima. Wani ya ce tun da muka shigo bai taɓa ganin shi da budurwa ba, alhali da an gan shi da budurwar ma cewa za a yi ɗan iska ne. Abokin ɗakinsa ya ɗauke katifa ya koma wani ɗaki. A masallaci da idona na ga wani ya canza wuri a sahu. Ranar na huɗu aka turo saƙon murya a guruf, wani yana cewa ya kamata a je a koya masa hankali, mutane suna ta danna alamar babban yatsa. Washegari da asuba ya ɗauki jaka ɗaya ya nufi tasha. Tes biyu suka wuce shi. Mahaifiyarsa ta kira ni tana tambaya, "Ɗana, me ya samu ɗan'uwanka ya dawo gida ana tsakiyar karatu, ko abinci ba ya ci?" Na ce mata Mama wallahi ban sani ba.

Ƙarya na yi mata. Na sani sarai. Littafin nan ni na tura masa. Mun taɓa yin gardama a wajen mai shayi a kan yarjejeniyar Samoa, ya ce in ina da abin karantawa a kan yadda ake siyasar wannan magana in ba shi. Na tura masa littattafai uku. Duk suna cikin wayata har yanzu da nake wannan rubutu. Lokacin da ake yagar namansa a guruf ina ciki, ina karantawa, ban ce uffan ba, saboda tsoron kada yatsan ya juyo kaina. To yau ga ni. Idan mallakar littafin ce hujjarku, da ni ya kamata ku fara.

Bari in faɗi matsayina sau ɗaya, don na san ana jira. Ni Musulmi ne, a kan Ahalari da Ishmawi da Risala na taso kamar yawancinku, na san hukuncin luwaɗi da maɗigo a addinina, kuma ban zo in halatta abin da addini ya haramta ba. Ba zan sake maimaitawa ba. Abin da na zo in faɗa shi ne, shekara da shekaru wasu suna nazari a kanmu, suna rubuta littattafai a kan garuruwanmu da dokokinmu da yadda ake siyasa da wannan batu, mu kuwa da muke kiran kanmu 'yan jami'a mun mayar da karanta abin da aka rubuta a kanmu laifin da ake korar mutum daga gari. Sakamakon haka ba mu da komai a hannu sai jita-jita da ihu, kuma wanda ihun yake ci kullum namu ne.

Mene ne ma a cikin littafin da ya tayar da hankalinku?

Wanda ya rubuta shi wani Ba'amurke ne masanin harshe, Rudolf Gaudio. Ya koyi Hausa, ya zauna a Kano a shekarun 1990, ya yi ta zama da 'yan daudu yana sauraron hirarsu da habaicinsu, littafin ya fito a 2009. Babu hoton batsa ko ɗaya a ciki, littafin nazari ne mai gajiyarwa irin wanda in lakcara ya ce a karanta za ku nemi wanda zai taƙaita muku. Ya bayyana sana'o'insu, sayar da abinci a tasha da kasuwa da hidimar biki. Ya nuna cewa ba kowane ɗan daudu ne yake neman maza ba, kuma da yawa daga masu neman mazan ba 'yan daudu ba ne, babu wata alama a jikinsu ko a muryarsu. Ya nuna da yawansu suna da mata da 'ya'ya, suna salla suna azumi, wasu sun je Makka, kuma yadda suke kallon kansu ya sha bamban da yadda masu fafutuka a Amurka suke kallon nasu. Ya kuma bi yadda rayuwarsu ta canza bayan ƙaddamar da Shari'a a 2000, shekarar da mu ma a nan Neja gwamnatin Injiniya Abdulkadir Kure ta ƙaddamar.

Ku duba abin dariyar. Da wanda ya ɗauki hoton ya daure ya karanta babi ɗaya, da ya gane cewa ma'aunin da aka yi amfani da shi a guruf, na murya da girki da tafiya, shi ne abu na farko da littafin ya rushe.

Akwai inda ban yarda da Gaudio ba. Baƙo ne, da tabaran garinsu ya kalle mu, kuma a ganina ya fi jin muryar waɗanda ya zauna da su a kan ta malamai da iyaye. To amma wa ya hana mu mu rubuta namu? Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, haka ne, amma in mai waƙar ya rufe baki, duniya ta wanda ya rera za ta ji. Yau ɗalibi a Landan ko Toronto in yana son sanin wani abu a kan 'yan daudun ƙasar Hausa, wannan littafin za a miƙa masa. Mu da muke cin tuwonsu a tasha tun muna yara, ku tambayi kanku, a cikinmu wa zai iya kai wa supabaisa wannan batu a matsayin furojet ba tare da ya ji tsoron abin da za a ce a kansa a hostel ba?

Na san abin da za a ce: ai duk ajandar Turawa ce, ana so a shigo mana da abin ta ƙofar ilimi.

To zauna ka ji. Matsin lamba daga Yamma gaskiya ne, ba wanda ya isa ya musa. A Oktoban 2011, bayan taron ƙasashen Kwamanwel a birnin Perth, Firaministan Birtaniya David Cameron ya fito ya ce za su iya rage tallafi ga ƙasashen da suke hukunta masu wannan ɗabi'a. A 2023 Bankin Duniya ya dakatar da ba Uganda sabon bashi saboda dokarta. Wannan duk a fili aka yi. Amma ka san inda aka yi wa wannan ajanda suka mafi zafi? A cikin irin littattafan da kake cewa a ƙona. Na biyu a cikin waɗanda na tura wa ɗan'uwanmu shi ne Desiring Arabs na Joseph Massad, Bafalasɗine da ke koyarwa a Jami'ar Columbia, wanda ya fito a 2007. Massad ya tuhumi ƙungiyoyin fafutuka na Yamma da cewa suna ɗaukar rabe-raben da aka ƙirƙira a Turai, na raba 'yan'adam gida biyu bisa sha'awarsu, suna ƙaƙaba wa al'ummomin da ba haka suke kallon abin ba. Ya ce wannan shisshigi yana tunzura gwamnatoci su ƙara tsanani, kuma wanda yake kwana a ciki shi ne talakan da ba shi da fasfo ba shi da biza. Ya kawo misalin kamen da aka yi a wani jirgin ruwa na shaƙatawa a Alƙahira a 2001, inda aka gurfanar da mutum 52. An yi masa raddi sosai, wasu Larabawan suka ce ya mayar da su kamar ba su da tunanin kansu, duk abin da suka faɗa wai Turawa ne suka sa su. Gardama ce ta ilimi, ana bugawa ana mayarwa har yau.

Haka lokacin barazanar Cameron, ƙungiyoyin fafutuka da dama na Afirka, ciki har da na masu kare waɗannan mutane, sun fitar da sanarwa suna cewa kada a yanke tallafin, domin in aka rufe asibiti da makaranta da sunansu, a kansu jama'a za su huce.

Wato kai da kake ihun ajanda, hujjar da za ta tsaya maka a gaban Bature tana cikin littafin da ka kori mutum a kansa. Ka je gaban wanda ya karanta ka ce masa "Allah Ya tsine", zai yi murmushi ya rubuta ka a matsayin misali a babi na gaba. Imam Ghazali kafin ya rubuta Tahafutul Falasifa, sai da ya zauna ya rubuta Maƙasidul Falasifa, ya shimfiɗa ra'ayin masana falsafa tsaf yadda su kansu za su yarda cewa ya fahimce su, sannan ya rushe. Ibn Taimiyya sai da ya san manɗiƙin Girkawa ciki da waje kafin ya yi masa raddi. Da a guruf ɗinmu suke, da tuni an yi musu sikirinshot.

Yanzu mu dawo gida, inda abin ya fi yi mini ciwo. Wannan fanni na nazari ya fi mayar da hankali a kan tambaya ɗaya: yaushe 'yan siyasa suke tuno da wannan magana, kuma me suke samu a ciki?

Dokar hana auren jinsi ta Najeriya tun 2006 gwamnatin Obasanjo ta fara kai ƙudirinta majalisa, ya kwanta. Majalisar Dattawa ƙarƙashin David Mark ta amince da ita a Nuwamban 2011, wata ɗaya bayan maganar Cameron. Majalisar Wakilai ta bi a 2013. Jonathan ya sa hannu a Janairun 2014, saura shekara ɗaya zaɓe. Ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga wanda ya ƙulla irin wannan aure, da shekara 10 ga wanda ya kafa ko ya shiga ko ya tallafa wa ƙungiyarsu, ko ya nuna irin wannan soyayya a bainar jama'a. Ku nemo ta ku karanta, gajeriya ce, ba ta kai handawut ɗin GST ba. Babu inda ta ce karanta littafi laifi ne. Babu inda ta ba ɗalibi ikon hukunta ɗalibi.

Tambayar da masana suka yi ita ce: kafin 2014 halal ne? A'a. Sashe na 284 na Penal Code a Arewa da sashe na 214 na Criminal Code a Kudu dama sun tanadi shekara 14, ga kuma dokokin Shari'a a jihohi 12 tun farkon shekarun 2000. Kuma ba a taɓa ɗaura irin wannan aure a rajista a Najeriya ba. To me sabuwar doka ta zo ta ƙara? Wani masanin zamantakewa ɗan Najeriya, Ebenezer Obadare, ya yi rubutu a kan haka a 2015, yana duba yadda wannan batu ya haɗa kan 'yan siyasa da shugabannin addinai biyu da ba su cika haɗuwa a kan komai ba. Wasu masanan suna kiran abin siyasar nemo abokin gaba mai araha: shugaban da ya kasa ba ka wuta da tsaro da aiki yana iya ba ka wanda za ka tsana, kyauta, kuma ka tafa masa.

Ku lissafa da kanku. Daga Yuli zuwa Disamban 2013 jami'o'i a rufe suke, ASUU tana yajin aiki a kan yarjejeniyar 2009. Sati uku bayan an buɗe aka sa hannu a waccan doka, ƙasa ta ɗauki tafi. Wata uku bayan nan aka kwashe 'yan matan Chibok. Yarjejeniyar 2009 kuwa ita ce dai ta sake zaunar da mu a gida wata takwas a 2022. Ba cewa nake yi don a rufe maganar ASUU aka yi dokar ba. Cewa nake yi ku lura da abin da yake haɗa kan manyanmu cikin sauƙi, da abin da ya gagare su shekara goma sha.

Wani abin da karatu ya nuna mini, wanda ya ba ni kunya da ban sani ba: shi kansa sashe na 284 ɗin, jikan dokar Turawan mulkin mallaka ne. Penal Code ɗinmu da ta fara aiki a 1960 an gina ta ne a kan ta Sudan, ita kuma an ɗauko ta daga dokar da Ingila ta rubuta wa Indiya a 1860, mai sashe na 377. Ingilar ta soke nata a 1967, kotun ƙolin Indiya ta soke nasu a 2018. Wannan bai taɓa hukuncin fiƙihu ba, wanda ya girmi zuwan Bature da ɗaruruwan shekaru. Amma yana nuna maka cewa Baturen nan sau biyu ya zo: jiya ya kawo doka ya ce ku ɗaure, yau ya dawo ya ce ku saki ko a hana ku bashi. Wanda bai san zuwan farko ba, ba zai iya yi wa na biyu gardama mai ma'ana ba.

Sai maganar Samoa, wadda ita ce mafarin gardamarmu a wajen mai shayi. Kun tuna Yulin 2024. Jaridar Daily Trust ta buga cewa Najeriya ta sa hannu a wata yarjejeniya ta dala biliyan 150 mai ɗauke da sharaɗin amincewa da auren jinsi. Arewa ta kama da wuta, huɗuba a kan huɗuba, mu ma a nan Minna babu sitatus ɗin da ba a sa ba, har da nawa. Yarjejeniyar tana nan a intanet kyauta, tsakanin Tarayyar Turai da ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik. Mu nawa muka buɗe ta? Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya ƙarƙashin Yakubu Maikyau ta ce babu wannan sharaɗi a ciki. Hukumar sauraron ƙorafi a kan kafafen yaɗa labarai ta bincika ta ce rahoton ba daidai ba ne, jaridar kuma ta fito ta ba da haƙuri, wanda wannan abin a yaba mata ne. Akwai kalmomi a cikin yarjejeniyar a kan jinsi da lafiyar haihuwa da mai hankali zai iya tsayawa ya tambayi me ake nufi da su, kuma wannan ita ce gardamar da ta kamata 'yan jami'a su jagoranta, da lambar sashe a hannu. Ba mu yi ba. Jarida ta janye, mu ko sitatus ɗaya na gyara ban gani ba. Ranar na gane cewa duk wanda yake son ya juya mu kamar waina, kalma ɗaya kawai zai jefo.

Ga wani binciken kuma da ya shafi lafiyar kowa. A 2015 mujallar likitanci ta Lancet HIV ta buga nazarin da aka yi a Abuja, nan kusa da mu, a kan maza masu neman maza da ke zuwa wani asibiti, kafin dokar 2014 da bayanta. An samu cewa tsoron zuwa asibiti da ƙaurace masa sun ƙaru bayan dokar. Ka haɗa wannan da abin da Gaudio ya nuna, cewa da yawa suna da matan aure. Mutumin da tsoro ya hana shi gwaji da karɓar magani, gida zai koma, wajen baiwar Allah da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Ko ba ka da ɗigon tausayinsa, ita fa? Kuna karanta kimiyyar lafiya da ƙididdiga, wa kuke jira ya zo ya yi mana wannan lissafi?

To, 'yan'uwa masu kishin addini, na zo gare ku, kuma da girmamawa, don tare muke sahu.

Risalar nan ta Ibn Abi Zaid da muke tinƙaho da ita, a babin haddi, ta faɗi hukuncin wanda ya aikata aikin mutanen Annabi Luɗu, kowa ya haddace wannan. Amma a wannan babin dai ta faɗi cewa wanda ya jefi wani mutum da wannan kalma, shi ma haddi ya hau kansa. Bulala 80, haddin ƙazafi, wanda asalinsa yake cikin Suratun Nur. A mazhabarmu ta Malikiyya ko habaici ka yi wanda aka gane inda ka dosa, bai kuɓutar da kai ba. Kuma kafin a tabbatar da laifin a kan wani, sai shaidu huɗu adalai da suka gani da ido, ko shi ya yi iƙirari da bakinsa, a gaban alƙali. Hoton fuskar laftof ba ya cikin lissafi. Suratul Hujurat ta umarce mu da tantance labari kafin mu afka wa mutane, ta hana mu yawan zato, ta hana mu binciken asirin juna, ta hana mu giba. Ku ɗauki abin da ya faru ku jera: wanda ya buɗe fayil ɗin da ba a ba shi izini ba, wanda ya rubuta kalmar a ƙasan hoto, waɗanda suka tura gaba, waɗanda suka danna yatsa. Da a ce yau za a kafa kotun Shari'a ta gaskiya a kan wannan magana, wanda kuka kora shi ne mai ƙara, layin masu karɓar bulala kuwa sai ya kai bakin titi. Ni ma da na yi shiru ina da nawa kason a wajen Allah.

Za ku lura ban tsaya ina rantse-rantse cewa ɗan'uwanmu ba haka yake ba. Da gangan na ƙi. Ba shi ne zai kawo hujjar wanke kansa ba, ku da kuka yi zargi ku ne za ku kawo taku, kuma ba ku da ita. Sannan ko da a ce wani a cikinmu yana da abin da yake ɓoyewa tsakaninsa da Ubangijinsa, ba a ba ɗan aji uku sanda ya je ɗakinsa ba. Jininsa da mutuncinsa da karatun da iyayensa suka sayar da amfanin gona suka biya, duk haramun ne a kanku. Hatta a kotun gwamnati zargi ba ya zama hukunci: mutum 47 da aka gurfanar a Legas ƙarƙashin dokar 2014, bayan an nuna fuskokinsu a talabijin, a Oktoban 2020 alƙali ya kori ƙarar saboda masu gabatar da ita sun kasa ci gaba. Shari'a ta ƙare, amma wa zai mayar musu da sunansu?

Mu 'yan Arewa ya kamata mu fi kowa tsoron kalmar "a koya masa hankali". A Maris ɗin 2025 a Uromi ta Jihar Edo, mafarauta 16 'yan Arewa da ke hanyar komawa gida salla aka tare, wani ya ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe su aka ƙona. Mun yi kuka, mun canza hoton furofayil, mun tambayi ina shaida, ina kotu. A 2012 a Aluu ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal haka aka yi musu a kan zargin sata. Duk da kalma ɗaya aka fara, daga bakin mutum ɗaya, sauran suka ce ai kowa ya sani. Abin da ya raba guruf ɗinmu da Uromi shi ne namu ya samu motar asuba.

Wani zai ce, to ai ba kowa ne yake da ƙwarin da zai karanta irin waɗannan littattafai bai ruɗe ba. Na yarda ba a ba yaron firamare. Amma mu fa? Wayar da ke aljihunka, abin da yake shigowa cikinta ta TikTok da Telegram a dare ɗaya ya fi abin da ke cikin littafin Gaudio haɗari sau dubu, kuma ban ga an kori kowa daga loj a kansa ba. Littafi mai shafi ɗari biyu da manazarta a baya shi ne abin tsoro? Idan imaninka zai rushe saboda ka karanta yadda majalisa ta yi doka, ko yadda masu tuwo a tashar Kano suke hira, to matsalar ta girmi littafin, malam za ka nema.

Ga abin da nake nema, kuma ba da yawa ba ne.

Na ɗaya, wanda ya ɗauki hoton da wanda ya rubuta kalmar, kun san kanku, ni ma na san ku, ba zan kira suna ba don kada in aikata abin da nake hanawa. A guruf ɗin da kuka ɓata shi, a nan za ku wanke shi. Ba a yin ƙazafi a kasuwa a nemi gafara a ɗaka.

Na biyu, shugabannin ƙungiyoyinmu na ɗalibai, na addini da na jihohi, ku da kuke da bakin da ake ji: ku kira shi, ku ba shi tabbacin babu mai taɓa shi, ku raka shi wajen malaman da tes ɗinsu ya wuce shi. Jarabawa saura 'yan makonni. Kuma a ta'alim na gaba a karanta mana babin ƙazafi daga farko har ƙarshe, yadda ake karanta mana wanda ke gabansa.

Na uku, admin na kowane guruf: duk wanda ya turo zargi a kan mutuncin wani, a goge, a cire shi. Kuna cire mutum a kan tallan data, wannan bai fi ƙarfinku ba.

Na huɗu, masu sha'awar karatu, mu haɗu. Mu ɗauki dokar 2014 mu karanta sashe-sashe, mu ɗauki yarjejeniyar Samoa, mu ɗauki Massad da masu yi masa raddi, mu gayyato malamin fiƙihu da lauya su zauna tare da mu. Wanda ya ga kuskuren Gaudio ya rubuta raddi da hujja, da Hausa da Turanci, ya sa sunansa. Haka ake ƙwace alƙalami daga hannun baƙo.

Jiya na kira Mama na gaya mata gaskiya, na ce ni na jawo, kuma na yi shiru lokacin da ya kamata in yi magana. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Allah Ya yafe mana gaba ɗaya, amma ka dawo mini da shi makaranta." Shi kuma har yanzu bai ɗaga wayata ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Na san bayan wannan rubutu za a ce ni ma ɗan ciki ne. Wanda zai faɗa ya faɗa da sunansa na gaskiya, ya taho da shaidunsa huɗu. Wanda kuma yake da gyara a kan wata shekara ko wani sashe da na kawo, kwament a buɗe yake, zan karɓa da hannu biyu.

Allah Ya tsare harsunanmu da yatsunmu daga mutuncin bayinSa, Ya mayar da ɗan'uwanmu cikinmu lafiya. Wanda yake cikin wancan guruf, don Allah ya tura wannan can.